Daga Tsatsa Zuwa Ƙwayoyin Nano: Rabon Malamin Firamare

 

Mai girma shugaban taro, shugabannin rassan ƙungiyarmu na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, shugabannin makarantu, iyayena waɗanda suka riga ni riƙe alli, 'yan'uwana malamai maza da mata.

Na san abin da mafi yawanku kuka zata zan taɓo: ƙarin girma da ya makara, da kuɗin hutu, da cunkoson yara a aji. Duk waɗannan suna nan, kuma waɗanda suka fi ni iya faɗarsu za su tashi bayana. Ni na roƙi shugabanni su bar ni in yi magana a kan wata 'yar kwalba, domin tun ranar da na gan ta ban sake kallon darasin kimiyya na aji biyar yadda nake kallonsa a da ba.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, wata yarinya da na koyar a aji biyar da aji shida ta zo gaishe ni. Yanzu tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karanta kimiyyar sinadarai. Bayan mun gaisa, sai ta fito da wata 'yar kwalba daga jakarta, cike da ruwa baƙi ƙirin kamar tawada, tare da guntun maganaɗisu irin wanda yara ke cirowa daga tsohuwar lasifikar rediyo. Ta kara maganaɗisun a jikin kwalbar. Ina kallo baƙin nan ya taso ya taru a gefe guda, sauran ruwan ya washe. Ta janye, ta girgiza, ya koma tawada. Ta ce, "Malam, wannan ɗan'uwan tsatsa ne, kuma ni na haɗa shi da hannuna." Na yi murna irin wadda ku kaɗai za ku gane. Sai na tambaye ta abin da ya fi ba ta wuya a aikin. Na zaci za ta ce lissafi ko Turanci. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Awo, Malam. Ban taɓa ɗora wani abu a kan sikeli da hannuna ba sai da na shiga jami'a. Sau uku aikin yana lalacewa." Ni ne na koya mata darasin awo. Na rubuta a allo cewa giram 1,000 shi ne kilo ɗaya, suka maimaita da ƙarfi, suka kwafa, na ba ta maki cikakke. Ba ta faɗi maganar don ta zarge ni ba, amma ta same ni.

Daga nan na zauna da ita kwana biyu, ɗaliba ta koma malama, na kuma nemi abin karantawa. Abin da na fahimta shi zan ba ku, da bakin malamin firamare.

Ku ɗauki rula. Ƙaramin zanen da ke jikinta shi ne milimita. A raba shi gida 1,000, a ɗauki ɗaya a sake raba shi gida 1,000, abin da ya fito shi ne nanomita. Mita ɗaya ke nan tana da nanomita 1,000,000,000. Silin gashin kai guda kaurinsa yakan kai tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Duk ƙwayar da girmanta ya faɗa tsakanin nanomita 1 da 100, ita masana ke kira ƙwayar nano.

Me ya sa aka damu da ƙanƙanta haka? Uwargida ta san amsar. Dunƙulen kanwa yakan daɗe a ruwa bai narke ba, dakakkiya kuwa nan da nan take bin ruwa, domin daka ya fito da cikinta waje, ruwa yana taɓa ta ta ko'ina. Ga lissafin da ɗan aji shida zai iya bi. Dunƙule mai kusurwa huɗu irin na sukari, kowane gefensa santimita ɗaya, faɗin fuskokinsa shida murabba'in santimita 6 ne. In aka yayyanka shi zuwa ƙwayoyi masu gefen nanomita 10, nauyinsa bai ƙaru ba, amma jimillar fuskokin ta zama murabba'in mita 600, wato fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20. Ya fi daɓen azuzuwa goma. Haɗuwar sinadarai kuwa a fuska take faruwa, don haka cokali ɗaya na irin wannan gari yakan yi aikin da tulin dunƙule ba zai yi ba. Har halin abu kan canja. Baƙin da ke cikin kwalbar nan, muddin ƙwayoyinsa ba su wuce kimanin nanomita 20 ba, suna amsa kiran maganaɗisu da ƙarfi, amma da an janye shi sai su saki juna, ba sa riƙe maganaɗisancin kamar yadda babban dutsensu kan riƙe.

Shi kansa abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, abin da suka haifa sunansa oksaid. Tsatsar da ke cin fartanya da damina danginsa ce. Jan da ke cikin ƙasa da marmarar da muke takawa tsakanin duwatsun Kazaure da na Roni, oksaid ne na ƙarfe, wanda ake kira hematayit. Baƙin kuma magnetayit. Mai ginin tukwane ta san su duka biyu ko da ba ta san sunansu ba: inda iska ta ratsa wajen gashi tukunya takan fito ja, inda aka lulluɓe wuta ta rasa iska sai ta fito baƙa, wani ɓangaren saboda hayaƙi, wani kuma saboda jan oksaid ya juye ya koma baƙi. Kakanninmu masu narka tama, da gawayi da zugazugi suke ƙwace oksijin daga jikin dutse su fitar da ƙarfe. Tsatsa kuwa hanyar komawarsa gida ce.

To, yaya ake samun wannan oksaid da ƙanƙantar da ake so? Ana iya niƙa dutse, kuma ana yi, sai dai niƙa yana da iyaka, garin yakan fito wani babba wani ƙarami, ga dattin injin da ke shiga ciki. Shi ya sa masana suka fi son su gina ƙwayar daga ƙasa. Ana fara neman wani sinadari da ke ɗauke da ƙarfen a cikinsa, kuma mai narkewa a ruwa. Ni ina kiransa mafari, domin matsayinsa kamar na ƙullu ne ga masa: ba shi ake nema ba, amma daga gare shi abin da ake nema zai fito, kuma in ƙullu ya ɓaci babu wutar da za ta gyara masa. Mafarin yawanci gishiri ne a ma'anar masana, wato abin da ake samu idan asid ya ci ƙarfe, kamar kuloraid ko salfet ko naitiret na ƙarfen. Da ya narke, ƙarfen yakan watsu a ruwa ɗaiɗai, kowane da cajinsa na lantarki, wani mai caji biyu wani mai caji uku, ido ba ya ganin komai sai launin ruwan.

Ga yadda ɗalibata ta yi nata. Ta auna giram 5.4 na kuloraid ɗin ƙarfe mai caji uku, da giram 2 na mai caji biyu. Waɗannan lambobi ba na ganin dama ba ne. Ginin magnetayit yana buƙatar masu caji uku guda biyu a kan kowane mai caji biyu guda ɗaya, kuma wannan awon shi ke ba da haka. Ta narka su a tataccen ruwa, ta ɗumama, tana juyawa da sauri, sannan ta zuba ruwan amoniya. Amoniya dangin kanwa ce da ruwan toka, wato kishiyar tsami. Da shigarta, ruwan da yake ruwan ɗorawa ya koma baƙi cikin ƙiftawar ido, domin ƙarfen ba zai iya ci gaba da zama a narke ba, dole ya fito. Ta jawo baƙin da maganaɗisu, ta zubar da ruwan sama, ta wanke sau da yawa. In komai ya tafi daidai, abin da zai fito bai wuce giram 2.3 ba. Wani masani Bafaranshe, Rene Massart, shi ya shahara da wannan hanya tun da ya wallafa ta a 1981, kuma har yau ita ɗalibai ke fara koya saboda sauƙinta.

Sirrin ƙanƙantar yana cikin wannan ƙiftawar idon. Tun a 1950 wasu masana biyu a Amurka, Victor LaMer da Robert Dinegar, suka bayyana cewa fitowar ƙwaya daga ruwa hawa biyu ce: da farko 'yan ƙananan iri su ɓullo, sannan su yi ta jawo abin da ya rage a ruwan suna girma. Manomi ya san cewa in aka cika iri a rami ɗaya kowane tsiro siriri zai tashi, shi ya sa yake ragewa. A ɗakin gwaji sirantar ake nema, don haka ake so iri ya ɓullo da yawa a lokaci guda, su cinye abincin tare, kowa ya tsaya ƙarami kuma kansu ɗaya. In aka yi sanyin hannu wajen zubawa ko juyawa, wasu su riga wasu fitowa, sai a sami manya da ƙanana. Zafin ruwan yana da tasiri, ƙarfin amoniyar yana da tasiri, iska ma haka, domin oksijin kan juya baƙin ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa masu kayan aiki ke hura iskar naitirojin a ciki don ta kori ta waje. Sau ukun da aikin yarinyar nan ya lalace, biyu daga awo ne, ɗaya daga iska.

Saura matsala guda. Ƙananan ƙwayoyi ba sa son zama ɗaiɗai, da sun haɗu sai su manne su zama dunƙule, wahala ta tashi a banza. Mai fura takan barbaɗa gari a jikin kowane curi don kada su manne. Haka masana ke yi wa ƙwayar riga, wani lokaci da asid ɗin da ke cikin lemon tsami, wani lokaci da wani asid mai maiƙo da ake samu a man gyaɗa da man zaitun. Abin da ya fi burge ni shi ne da na ga sunan ƙaro a cikin abubuwan da masu bincike suka gwada wajen lulluɓe ƙwayoyin oksaid na ƙarfe, ƙaron nan da Jigawa ke cikin jihohin da ke samar da shi. Na tuna malaminmu na allo yana haɗa tawada. Baƙin gawayi ko na gindin tukunya kaɗai in aka dama shi da ruwa, kwanciya yake yi. Da an sa ƙaro sai ya tsaya a cikin ruwan, ya bi alƙalami, ya kama allo. Aikin da ƙaro ke yi a kurtun tawada shi ne aikin da yake yi a ɗakin gwaji.

Ba ƙarfen maƙera kaɗai ake yi wa haka ba. Tutiya, wadda likitoci ke kira zinki, ita ce aka shafe kwanon rufi da ita don kada ya yi tsatsa da wuri. Ana narka gishirinta, a zuba soda irin ta masu sabulu, sai farar laka ta fito. A wanke, a busar, a gasa a tanda mai zafin digiri 300 zuwa 500, a sami farin gari. In zafin ya yi yawa ƙwayoyin kan narke wa juna baki su girma. Wannan oksaid na tutiya yana cikin man da ake shafa wa jarirai don kurajen kunzugu, yana cikin ruwan hodar nan da ake shafa wa mai ƙarambau, yana kuma tare hasken rana mai ƙona fata, abin da ya sa yake cikin man kariya da 'yan'uwanmu zabiya ke buƙata kullum. In ƙwayoyin manya ne man yakan bar fari fat a fuska, in na nano ne kuwa ba ya nunawa sosai. Akwai wasu hanyoyin, kamar wadda ake barin ruwan mafarin ya yi kauri kamar kunu kafin a busar a gasa, da wadda ake dafa shi a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, amma duk gindinsu ɗaya.

Wataƙila wani yana cewa a ransa, wannan ai sai jami'a. To, wa ya taɓa ɗebo ruwa garau daga rijiyar burtsatse, ya ajiye, bayan sa'o'i ya tarar ya yi ja, ya ɓata bokiti, ya rina farar riga? Ba a ko'ina ake samun haka ba, amma inda ake samu, ga abin da ya faru. Can ƙarƙashin ƙasa babu iska, ƙarfe mai caji biyu yana narke a ruwan. Da ya fito ya sha iska sai ya koma mai caji uku, wanda ba ya zama a narke, ya fito a matsayin ƙwayoyin da tun farko girmansu 'yan nanomita kaɗan ne, sannan su taru su kwanta. Mafari, da abin da ya tilasta shi fitowa, da ƙwaya: duk aikin ɗalibata ne, a cikin bokiti, ba tare da kowa ya sa hannu ba. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ya sa iyakar ƙarfe a miligiram 0.3 cikin lita ɗaya, domin daga nan ne ɗanɗano da launi ke fara ɓaci. Wanda ya gane dalilin kuwa ya gane maganin: a sheƙa ruwan ya sha iska, a bar shi ya kwanta, a tace da yashi.

Dukawa ma suna da nasu. Sukan jiƙa guntayen ƙarfe ko kashin maƙera a ruwa mai tsami su sami kuloko, su shafa a fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take ta yi baƙi. Ruwan ƙarfen mafari ne, abin da ke cikin bagaruwa ya kama shi. Na kawo wannan ne saboda yanzu ɗalibai da yawa a jami'o'in ƙasar nan suna amfani da ruwan ganyen darbejiya ko zogale ko shayi a maimakon sinadaran kanti, suna haɗa shi da gishirin ƙarfe, launi ya juya. Hanya ce mai araha, kuma ganyen yakan yi wa ƙwayar riga. Amma juyawar launi ba shaida ba ce. Masana sun nuna cewa sau da yawa baƙin da shayi ke bayarwa haɗin ƙarfe ne da sinadarin ganyen, irin na kuloko, ba tsantsar oksaid ba. Ganyen rani ma ba ɗaya yake da na damina ba. Madubin ƙara girma na asibiti ba ya rarrabe abin da ya gaza kimanin nanomita 200, don haka sai an kai samfur ga madubi mai aiki da lantarki, ko na'urar da ke haska gari da hasken eksre ta faɗi gininsa da girmansa. Irin waɗannan na'urori kaɗan ne a ƙasar nan, ɗalibi yakan tura samfurinsa wani gari, ya biya, ya jira. Ɗalibata sai da sakamakon ya dawo ta yarda ta ce nata sun kai kimanin nanomita 10. Wannan kamun bakin ya fi kwalbar burge ni.

Amfanin abin ba tatsuniya ba ce. A 2006 masu bincike a Jami'ar Rice ta jihar Texas, ƙarƙashin Farfesa Vicki Colvin, sun nuna cewa gubar asenik, wadda ta addabi rijiyoyin Bangaladash, tana manne wa ƙwayoyin magnetayit masu nanomita 12, sannan a janye su duka da maganaɗisu. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata allurar ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda, wadda ƙwayoyin oksaid na ƙarfe ne da aka yi wa riga da dangin sukari. Nan kusa da mu, ruwan da ke fitowa daga masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, mai ɗauke da rini da dattin jima, yana cikin abin da ke sa masu bincike gwada oksaid na tutiya da na taitaniyom, domin a ƙarƙashin hasken rana suna iya wargaza rini. Sai dai in faɗi gaskiya, mafi yawan wannan aiki yana cikin kofin gwaji har yanzu. Tsakanin kofi da kogi akwai tafiya.

Kuma ƙanƙantar da ke ba shi ƙarfi ita ke ba shi hanyar shiga jiki. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an riƙa niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, fiye da yara 400 suka rasu. Wancan ba aikin nano ba ne, amma darasin ɗaya ne: dutsen da ya shekara dubbai a kwance bai kashe kowa ba sai da aka mai da shi gari. A Turai, bayan hukumar lafiyar abincinsu ta ce ba za ta iya tabbatar da amincin oksaid na taitaniyom ba, wanda ake sawa don farin alewa da makamantanta, an hana sa shi a abinci daga 2022. Don haka iyaye, in kun ga mai talla a kasuwa ko a Facebook yana ɗaga kwalba yana cewa maganinsa na nano ne, kalmar girma kawai take faɗa, ba ta ce yana warkarwa ba, ba ta ce ba ya cutarwa ba. A nemi lambar NAFDAC, a tambayi likita.

Da aka koma makaranta na ce sai na gwada wani abu da 'yan aji shida. Na karɓo garin ƙarfe daga wurin mai walda, na sayi ruwan khal, muka zuba a kwalabe muka bar bakinsu a sake, domin akwai iskar da ke fita, in aka toshe kwalba na iya fashewa. Farko na gwada da soson ƙarfe mai ƙyalli na wanke tukunya, ya yi mako bai ko motsa ba, ashe irin wanda ba ya tsatsa ne. Da garin ƙarfen kuwa, bayan mako muka tace da ƙyalle muka sami mafarinmu. Muka jiƙa kanwa muka tace. Da muka zuba, sai ya yi kumfa tukuna, sannan wani gajimare mai duhun kore ya tashi a cikin kwalbar, ya kwanta a hankali, kafin a tashi makaranta samansa ya fara komawa launin tsatsa. A wata kwalbar muka ɗiga ruwan shayi, ta koma baƙa. Wani yaro, ɗan baduku, ya yi tsalle ya ce, "Malam, wallahi wannan ne na babanmu!" Rukunin da na ba lemon tsami a madadin khal, don in rage kuɗi, har aka tashi ba su ga laka ba, suka yi fushi. Sai daga baya ɗalibata ta gaya mini ta waya cewa asid ɗin lemon yakan rungume ƙarfen ya hana shi fitowa. Na koma na faɗa wa yaran cewa kuskuren nawa ne, muka rubuta shi a littafi tare da sauran.

Ban ce musu mun haɗa ƙwayoyin nano ba, domin ba mu da abin aunawa. Abin da muka yi shi ne kowane rukuni ya auna ruwansa da sirinji marar allura, ya ƙirga ɗigo, ya duba agogo, ya rubuta minti nawa lakarsa ta yi kafin ta kwanta. Sakamakonsu ya saɓa, suka yi ta gardama, har wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta gano cewa wani rukunin ya zuba kanwarsa gaba ɗaya, wani kuma ɗigo ɗigo. Narkewa, gaurayawa, tacewa, awo, tsatsa, maganaɗisu, duk suna cikin manhajar da ke hannunmu. Mun daɗe muna karanta wa yara su kamar labarin wata ƙasa.

Na san uzurinmu, domin nawa ne ni ma. Aji mai yara fiye da yadda ido zai ƙirga, babu ɗakin gwaji, wani wurin babu ko ƙofa. Amma ku dubi inda muke zaune. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu tana nan Kazaure, a hannun gwamnatin tarayya tun 2007. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021. Kujerun da ke cikinsu wani zai zauna a kai. In 'ya'yan Roni da Gwiwa suka isa can ba su taɓa riƙe ma'auni ba, za su sha wuyar da ɗalibata ta sha, kuma ba kowa ke da naci irin nata ba.

Saboda haka, ya shugaban taro, ina da roƙo ga rassanmu. A sa cikin buƙatun da muke kai wa hukumomin ilimi cewa kowace makaranta ta sami ƙaramin sikeli mai batir irin na masu sayar da gwal, da ma'aunin zafi, da kofin awo, da maganaɗisu, a cikin akwati mai kwaɗo. Kafin su amsa, reshe zai iya sayen 'yan akwatuna da za su riƙa zagayawa tsakanin makarantun da ke kusa da juna. A rubuta wa shugabannin kwalejin Kazaure da na jami'ar Babura, a roƙe su kwana biyu a cikin dogon hutu, malamansu su tsaya a kanmu mu auna, mu tace, mu ɗumama da hannunmu, su kuma nuna mana abin da bai kamata ya kusanci yara ba, irin su soda da amoniya da ruwan batir. Mu kuma a namu ɓangaren, mu gayyato maƙeri da baduku da mai ginin tukwane su shigo aji ko sau ɗaya a zango, da kayan aikinsu. Iyaye mata da za su karanta wannan a gida, ranar da za ku jiƙa kanwa ko ku sa alimun a ruwan da ya yi laka, ku kira yaro ya tsaya ya gani, ku tambaye shi me ya faru.

Kwalbar tana kan teburin sakatare tare da maganaɗisun, ɗalibata ta bar mini ita aro zuwa ƙarshen wata. Duk mai so ya zo bayan an tashi ya gwada da hannunsa, amma don Allah kada a buɗe murfin, baƙin ba ya fita daga riga.